Sunan Clapperton a Birnin Sakkwato: Asalinsa da Hanyoyin Yaɗuwarsa

1.0 Gabatarwa

A birnin Sakkwato akwai wani titi da ake kira Titin Clapperton. Wannan suna ba na Hausa ba ne, ba na Fulatanci ba, ba kuwa na Larabci ba, kuma ko a can ƙasar da ya fito ba suna ne da ya yawaita ba. Babu wani gida a Sakkwato da ya gaji sunan kaka da kakanni, amma duk da haka ya zauna a cikin birnin, ya kuma shiga littattafan tarihin Daular Usmaniyya har ya zama ba a iya karanta labarin zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba tare da an ci karo da shi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin sunan: inda ya samo asali, inda masu shi suka fi yawa, da yadda ya iso Sakkwato. Daga nan za a gwada shi da tsarin sunaye na Sakkwatawa, domin a nuna cewa sunan zuri'a hanya biyu yake bi wajen yaɗuwa, watau hanyar haihuwa da hanyar takarda, kuma manazarcin da ya kasa rarrabe su zai ƙulla zumunta inda babu ita, ya kuma yanke ta inda take.

2.0 Samuwar sunan zuri'a a Ingila da Sikotlan

Abin da ake nufi da sunan zuri'a a nan shi ne suna guda wanda uba yake ɗauke da shi, ɗa ya gaje shi, jika ma ya gaje shi, ba tare da ya sāke ba. Mutanen Ingila ba su tashi da wannan al'ada ba. Kafin shekarar 1066 suna ɗaya mutum yake da shi, sai dai a ƙara masa laƙabi idan an so a bambanta shi da takwaransa, kamar dai yadda Hausawa suke yi. A wannan shekara ce mayaƙan Nomandi suka ƙetaro daga Faransa suka ci ƙasar, kuma manyansu ne suka fara amsa sunayen garuruwa da gonakin da suka mallaka. A 1086 aka rubuta babban kundin ƙidayar filaye da dukiya, wanda a cikinsa ake ganin irin waɗannan sunaye. A hankali al'adar ta gangaro daga masu sarauta zuwa talakawa, musamman saboda gādon fili da biyan haraji. Kundayen harajin kai na 1377 zuwa 1381 sun nuna yadda abin ya bazu, kuma wajen shekarar 1400 yawancin mutanen Ingila sun riga sun mallaki sunan gado. Umurnin da aka bayar a 1538, cewa kowace majami'a ta riƙa rubuta haihuwa da aure da mutuwa, shi ya ƙara ɗaure sunayen. A taƙaice, magatakarda da mai karɓar haraji su ne suka kafe sunan zuri'a a ƙasar Turawa.

Masana sun kasa waɗannan sunaye kashi huɗu. Akwai na sana'a, kamar Smith, watau maƙeri, wanda shi ne ya fi kowane suna yawa a Ingila da Sikotlan. Akwai na uba, kamar Johnson da Thomson, watau ɗan John da ɗan Thomas. Akwai na siffa, kamar Brown da Armstrong. Sa'an nan akwai na wuri. Wannan rabo yana bayyana dalilin da ya sa wani suna ya yawaita wani kuma ya ƙaranta. Kowane gari yana da maƙeri, saboda haka sunan Smith ya tsiro a wurare da yawa lokaci guda, masu shi kuwa ba dangin juna ba ne. Amma sunan da aka ɗauko daga wani ɗan ƙauye ko gona guda, gida ɗaya ko biyu kaɗai suka fara amsa shi, don haka yakan daɗe yana zagaye a yankin da ya fito.

3.0 Asalin sunan Clapperton da inda ya yawaita

Ƙirar sunan Clapperton ta sa shi cikin kashi na huɗu. Gaɓarsa ta ƙarshe ta fito ne daga kalmar tsohon Ingilishi tun, wadda take nufin shingaggen wuri, ko gona, ko ƙauye. Ita ce ake gani a ƙarshen sunaye irin su Newton da Washington, waɗanda duk asalinsu sunayen garuruwa ne. Aikin da wannan gaɓa take yi ya yi kama da na kalmomin gida da tunga a sunayen garuruwan ƙasar Sakkwato, alal misali Gidan Madi, sai dai Bahaushe yana sa tasa kalmar a gaba, Bature kuwa a baya.

Ko da yake harshen sunan Ingilishi ne, gidansa kudancin Sikotlan ne, ba Ingila ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tun ƙarni na bakwai masu magana da tsohon Ingilishi suka zauna a kudu maso gabashin Sikotlan, suka bar garuruwa masu irin wannan ƙarshe, kamar Haddington da Swinton. George F. Black ya sa sunan cikin kundinsa na sunayen zuri'ar Sikotlan wanda aka buga a 1946. Idan aka dubi fitattun masu sunan za a ga da yawansu daga wannan yanki suke. A ƙarni na goma sha shida an yi wani limamin Kirista mai suna George Clapperton wanda ya shugabanci wata majami'a a Edinbara. Marubuciya Jane Hume Clapperton, wadda ta rayu daga 1832 zuwa 1914, 'yar Edinbara ce. Masassaƙi Thomas Clapperton, wanda ya ƙera mutum-mutumin Sarki Robert Bruce da aka kafa a ƙofar fadar Edinbara a 1929, an haife shi a garin Galashiels a 1879. Shi kuwa Hugh Clapperton, wanda saboda shi sunan ya zo Sakkwato, an haife shi ranar 18 ga Mayu 1788 a garin Annan, dab da iyakar Ingila, mahaifinsa likita ne mai suna George. Wannan ita ce hanyar haihuwa, kuma iyakarta ba ta da faɗi.

4.0 Zuwan mai sunan Sakkwato

Hugh Clapperton sojan ruwa ne. Ya shiga jirgi tun yana ɗan shekara goma sha uku, ya yi aiki a tekun Indiya da tafkunan Kanada, kafin gwamnatin Ingila ta haɗa shi da Likita Walter Oudney da Manjo Dixon Denham don su ratso Sahara. Sun tashi daga Tarabulus a 1822, suka sauka Kukawa wurin Shehu Muhammadu al-Kanemi a watan Fabrairu 1823. Oudney ya rasu a ƙasar Katagum a Janairu 1824, Clapperton ya wuce Kano, daga nan ya shigo Sakkwato a tsakiyar watan Maris na wannan shekara. A lokacin birnin bai wuce shekara goma sha biyar da kafuwa ba, kuma shekara bakwai ke nan da rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne ya kula da masaukinsa. Ya gana da Sarkin Musulmi Bello sau da yawa, suka tattauna batun ciniki da fataucin bayi da hanyar kogin Kwara, ya bar garin a farkon watan Mayu ɗauke da wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu, da taswira, da wani yanki na littafin Infaƙul Maisuri.

Abin lura a nan shi ne, Sakkwatawan wancan zamani ba su san shi da sunan Clapperton ba. Matafiyan Turawa sun saba ɗaukar sunan Larabci idan za su ratsa ƙasashen Musulmi, shi kuwa Abdullahi ya zaɓa. Da wannan suna aka ambace shi a wasiƙar Bello, tare da laƙabin Ra'is, watau shugaban jirgi. Haka Heinrich Barth, wanda ya zo zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, Abdulkarim aka san shi. Ke nan mutumin ya shigo Sakkwato amma sunan zuri'arsa bai shigo tare da shi ba.

Zuwansa na biyu ta teku ya biyo. Ya tashi daga Badagiri a Disamba 1825, ya ratsa ƙasar Oyo da Busa da Kano, ya tarar da rundunar Bello a bakin dāgar Gobir a Oktoba 1826. Cikin tsarabar da ya kawo har da littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafi na Uƙulidis, wanda Bello ya yi murna da shi ƙwarai saboda nasa ya ƙone a gobara. Amma zamani ya riga ya juya. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Sakkwato da Barno, aka hana shi wucewa wurin al-Kanemi, aka kuma karɓe wasiƙa da kayan da ya ɗauko don shi. Ciwo ya kwantar da shi a watan Maris, ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye mai nisan kamar mil biyar daga birni, wanda ya rubuta sunansa Jungavie.

Daga nan hanyar takarda ta ɗauki sunan. An buga labarin tafiya ta farko a Landan a 1826, ta biyu a 1829, aka fassara su zuwa Faransanci da Jamusanci. A ratayen littafin 1826 masana dabbobi suka raɗa wa wata irin makwarwa ta yankin Sahel sunansa, kuma har yau da sunan ake kiranta a ilmin tsuntsaye, daga Mali har Sudan da Habasha. Da Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, jami'an da suka zo sun riga sun karanta littattafansa, suna kuma ɗaukarsa a matsayin wanda ya share musu fage. Ta hannun masu karatun boko da masu zāna taswira sunan ya dawo garin da mai shi ya mutu, shekaru da yawa bayan an manta da Abdullahin da Giɗaɗo ya saukar.

5.0 Bahaushen da ya amsa sunan Turawa

A cikin ayarin tafiya ta biyu akwai wani mutum wanda labarinsa ya zama kishiyar na ubangidansa. Bahaushe ne mai suna Abubakar, wanda aka kama bawa aka sayar har bakin teku, sojan ruwan Ingila suka ƙwato shi daga jirgin bayi, ya zama matuƙi a jiragensu, aka rubuta shi a littafin aiki da sunan William Pascoe. Shi ne tafintan ayarin, ya zauna Kano da Sakkwato tare da su, ya kuma sake raka Lander da ƙanensa a 1830 lokacin da suka bi Kwara har teku. Pascoe suna ne na yankin Cornwall, a kudu maso yammacin Ingila, wanda ya fito daga kalmar da mutanen yankin suke kiran idin Ista da ita, ana kuma raɗa shi ga yaron da aka haifa a lokacin idin, kamar yadda Hausawa suke da Na-Sallah da Azumi. Shi ma ba suna ne da ya bazu ko'ina a Ingila ba.

Ashe a cikin gida guda a Sakkwato a 1827 akwai Bature mai amsa Abdullahi da Bahaushe mai amsa Pascoe. Wanda ya tarar da sunan Pascoe a takarda ya zaci mutumin Cornwall ne ya yi kuskure, haka wanda ya tarar da Abdullahi a wasiƙar Larabci ya zaci Balarabe ne. Kowanne daga cikinsu takarda ce ta ba shi sunan, ba haihuwa ba.

6.0 Tsarin Sakkwatawa da shigowar rajista

Dalilin da ya sa sunan Clapperton bai kama bakin mutane ba a farko ya wuce wuyar furuci. Tsarin Sakkwatawa ba shi da gurbin sunan gado. Mutum yana da sunan yanka, sa'an nan laƙabi ko alkunya, sa'an nan a danganta shi da mahaifinsa da kalmar ɗan ko ibn, kuma wannan danganta tana sākewa a kowane tsatso. Fodiyo laƙabin mahaifin Shehu ne, ma'anarsa malami a Fulatanci, amma ɗansa Bello aka san shi, ba Fodiyo ba. Sunan yankan Giɗaɗo Usmanu ne. Idan ana son a ambaci zuri'a gaba ɗaya sai a yi amfani da ɗafin jam'i, a ce Giɗaɗawa ko Toronkawa, kuma har yau unguwar Giɗaɗawa tana nan. Nasaba kuwa a salsala ake tsare ta, a jero uba da kaka da kakan kaka, kamar yadda Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, ya yi a rubuce-rubucensa. Mace ma ba ta barin sunan mahaifinta don aure: Nana Asma'u matar Giɗaɗo ce, amma 'yar Shehu ake kiranta.

Da wannan ma'auni Hausawa suka auna Turawan mulki. Wanda sunansa ya yi sauƙi sai a lanƙwasa shi, Lugard ya koma Lugga. Wanda ya zauna cikin mutane sai a ba shi laƙabi: Hanns Vischer ya zama Ɗan Hausa, Bryan Sharwood-Smith, wanda ya yi Razdan a Sakkwato kafin ya zama Gwamnan Arewa, ya zama Mai Wandon Ƙarfe.

Amma abin da ya faru a Ingila a ƙarni na goma sha huɗu shi ya faru a nan a ƙarni na ashirin. Rajistar makaranta da ta aikin gwamnati tana da gurbi biyu, kuma dole a cika na biyun. Da yake ɗalibai da yawa Muhammadu ne ko Abubakar ko Ahmadu, kuma kunya tana hana yaro faɗin sunan mahaifinsa, sai aka riƙa cika gurbin da sunan gari. Sardaunan Sakkwato, lokacin da yake Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, Ahmadu Raba aka san shi. Daga baya ya ɗauki sunan Bello, kakan mahaifinsa. Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, sunan garinsu yake amsawa. Gwamnonin Sakkwato uku a jere, daga 1999 zuwa 2023, watau Bafarawa da Wamakko da Tambuwal, duk da sunayen garuruwansu aka san su.

Akwai kuma wani kashi da ya fi wannan nisan tafiya. Al'adar malamai ce a ƙara wa yaro laƙabin wani waliyyi ko malami mai irin sunansa, a ce Abdulƙadir Jelani, ko Ahmadu Tijjani, ko Muhammadu Buhari, kamar Wazirin Sakkwato na lokacin zuwan Turawa. Buhari nisba ce ga birnin Bukhara na tsakiyar Asiya. Haka Dasuƙi, laƙabin masu suna Ibrahim, nisba ce ga garin Dasuƙ na ƙasar Masar, garin Shehu Ibrahim al-Dasuƙi. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi, wanda ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996, ya ɗauki laƙabin ta wannan hanya, 'ya'yansa kuma suka gaje shi a matsayin sunan gida. A nan an ga laƙabi ya daskare ya zama sunan zuri'a cikin tsatso biyu kacal, abin da ya ɗauki Ingilishi ƙarni uku.

7.0 Kammalawa

An ga cewa Clapperton sunan wuri ne na harshen Ingilishi, gidansa kudancin Sikotlan, ƙarancinsa kuma ya biyo bayan ƙanƙantar tushensa. An ga kuma ya zauna a Sakkwato ba ta haihuwa ba, sai ta littafi da taswira da allon titi. Darasin da ke ciki ga masu nazarin tarihi da al'ada ya fi sunan kansa muhimmanci. A Ingila, idan mutum biyu suka haɗa suna marar yawa, akwai kyakkyawan zato cewa tushensu ɗaya. A Sakkwato wannan zato ba ya tsayawa: masu amsa Tambuwal gari suka haɗa, masu amsa Bello ko Buhari laƙabi suka haɗa, alhali 'yan uwa uba ɗaya suna iya rabuwa a takarda, wannan ya rubuta sunan uba, wancan na kaka, na uku na gari.

Tun da aka kafa hukumar katin ɗan ƙasa a 2007, aka kuma ɗaure fasfo da asusun banki da jarrabawa da suna guda wanda sāke shi sai da rantsuwar kotu, gurbin nan na biyu ya ƙara ƙarfi a kan kowa. Sunayen da ake cikawa yau su ne jikoki za su gāda, kuma nan gaba za a riƙa karanta su kamar shaidar nasaba, alhali yawancinsu zaɓin malamin rajista ne. Saboda haka ya wajaba sassan nazarin Hausa da na tarihi, musamman a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, su himmatu wajen tattara salsalar gidaje daga bakin dattawa da kundayen malamai, tare da rubuta yaushe kowane gida ya ɗauki sunan da yake amsawa da kuma dalilin ɗaukarsa, tun waɗanda suka san amsar suna raye.